Ashanar Roka: Tarihin Ɗan Abin da Ke Kunna Babbar Wuta

Duk wanda ya taɓa hura wutar icce ya san ba a kai ashana ga gungume kai tsaye. Sai an nemo ƙirare, an cusa 'yar takarda ko tsumma a ƙasa, ashana ta kama takarda, takarda ta kama ƙirare, sannan ƙirare su kama icce. In ƙiraren sun yi kaɗan, za su cinye gungumen bai ko yi baƙi ba. In kuma mutum ya gaji da fifita ya ɗauko galan ɗin fetur ya tuttula, wutar za ta kama, amma da girarsa za ta fara. Wannan ɗan ilimin na bakin murhu shi ne ya daɗe yana wahalar da masu harba roka, tun daga manyan injiniyoyi har zuwa masu yin abin don sha'awa.

A kunnenmu, da an ce roka sai a tuna makami, domin a labaran yaƙi muka fi jin kalmar. Amma a Amurka da wasu ƙasashe akwai mutanen da harba roka ya zame musu abin nishaɗi na ƙarshen mako. Suna haɗa ta da kwali ko roba ko zaren gilashi, su fita fili da izinin hukuma, su harba, ta buɗe laima ta sauko, su ɗauka su sake shiri. Wasu rokokin ba su wuce tsawon hannu ba, wasu sun fi mutum tsayi nesa. A tsakanin masu manyan akwai tambayar da ba ta tsufa: yaya girman makunnin da ya dace da wannan injin? Makunni shi ne ɗan abin da ake zura wa injin roka, wanda lantarki ke tayar da shi, shi kuma ya tayar da makamashin injin.

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma ta nan abin ya ja hankalina. Idan ka danna maɓallin kunna kwamfuta, ba babbar manhajar ce ke fara tashi ba. Wani ɗan guntun shiri ne da ke zaune a allon na'urar ke farkawa, ya kira wanda ya ɗan fi shi, wannan ya kira babban. In ɗan guntun nan ya samu matsala, duk tsadar kwamfutar ta zama akwati. Da na gane cewa roka ma haka take tashi, sai na bi tarihin abin, na kuma tarar tarihin makunni kusan shi ne tarihin yadda wannan wasa ya daina kashe yara.

Sanda da harshen wuta

Ranar 16 ga Maris, 1926, a wata gona da ke Auburn a jihar Massachusetts, Robert Goddard ya harba roka ta farko a duniya mai amfani da makamashin ruwa, wato fetur da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Mataimakinsa Henry Sachs ne ya kunna ta, da wutar hura ƙarfe da aka ɗaura a kan doguwar sanda. Ya miƙa wutar, ya ja da baya ya nemi mafaka. Rokar ta yi daƙiƙoƙi tana ci a tsaye kafin nauyinta ya ragu ta ɗaga. Tafiyar gaba ɗaya daƙiƙa biyu da rabi ce, ta kai tsayin mita 12 da rabi, ta faɗo a nisan mita 56. A ranar da aka buɗe ƙofar zamanin sararin samaniya, abin da ya raba mutum da wuta tsawon sanda ne kawai.

Sandar nan ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Rokar Soyuz ta Rasha, wadda ta shekara da shekaru tana kai mutane tashar sararin samaniya, an saba kunna injunanta ne da makunnai da aka ɗora a kan sandunan katako, a cusa su cikin bakin kowane inji daga ƙasa, lantarki ya tayar da su daga nesa. Injiniyoyin sun riƙe dabarar saboda tana aiki, kuma suna iya tabbatar da cewa kowane makunni ya kama kafin a saki makamashi.

Yaran da Sputnik ya haifa

Ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik. Zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka. Yara suka riƙa cika bututun ƙarfe da duk wani abu mai ci da wuta da hannunsu ya kai gare shi, su sa lagwani, su kunna da ashana, su ruga. Bututun ƙarfe da aka ɗura wa irin wannan kaya aka toshe, bambancinsa da bam bai taka kara ya karya ba. An rasa yatsu, an rasa idanu, an rasa rayuka. Homer Hickam, ɗan garin haƙar kwal na Coalwood a West Virginia, yana cikin waɗanda suka tsira. Rokarsa ta farko shingen lambun mahaifiyarsa ta tarwatsa. Daga baya ya zama injiniya a hukumar NASA, ya ba da labarin a littafinsa na 1998, wanda aka mayar fim mai suna October Sky a 1999. Labari ne mai daɗi, amma waɗanda ba su tsira ba ba su rubuta littafi ba.

Mafita ta fito daga inda ba a zata ba. A garin Norfolk na jihar Nebraska akwai wani mai sayar da takalma, Orville Carlisle, wanda yake da lasisin haɗa kayan wasan wuta. Tun 1954 shi da ɗan'uwansa Robert suka ƙera wani ɗan inji na kwali mai ɗauke da albarushi da aka danne, wanda ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. A farkon 1957 ya aika samfurinsa ga G. Harry Stine, injiniya a filin gwajin makamai na White Sands, wanda ya daɗe yana rubutu a kan haɗarin da samari ke jefa kansu. Stine ya gwada, ya ga amsar da yake nema. A shekarar aka kafa ƙungiyar masu ƙananan rokoki ta ƙasa, wadda aka sani da NAR. A 1958 Vern Estes ya kafa kamfaninsa a Denver, ya ƙera na'urar da ya laƙaba wa suna Mabel, mai fitar da inji guda a kowace daƙiƙa biyar da rabi.

Hikimar tsarin a sarari take. Haɗa makamashi, wanda shi ne wurin mutuwa, an ɗauke shi daga hannun yaro an kai masana'anta. An bar masa yankan kwali, manna fukafukai, fenti da lissafin tsayi. Sai aka zo kan kunnawa, aka kafa ƙa'idar da har yau ba ta canza ba: babu ashana, babu lagwani, sai lantarki daga nesa. Abin da ya sawwaƙa haka wata siririyar waya ce ta haɗin ƙarfen nikel da kuromiyam, wadda Albert Marsh ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1906, irin wadda ke yin ja a cikin risho na lantarki. A taɓa ta da albarushin injin ta bakin ƙasa, a haɗa da batir ta doguwar waya, a danna maɓalli. Dokar ƙungiyar ta tanadi makulli na musamman da sai an sa shi lantarki zai wuce, da maɓallin da ke komawa a kashe da zarar an ɗaga yatsa, da ƙirga a bayyane kafin harbi, da tazarar ƙafa 15 ga ƙananan injuna, ƙafa 30 ga waɗanda suka ɗan fi su.

A wannan mataki babu wata tambayar girman makunni. Albarushi ba ya gardama, zafi kaɗan ya ishe shi, kuma makunnin yana zuwa a kwali ɗaya da injin.

Da injuna suka girma

Ana rarraba injunan da haruffa. Kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi a jimlar ƙarfin turawa: B ya ninka A, C ya ninka B, haka har sama. Daga H ake shiga rukunin manyan rokoki. Injin M ya ninka A sau 4,096. Yaran 1960 sun girma, sun samu aiki da kuɗi, ƙananan injunan kwali suka daina isarsu. Ƙungiyar Tripoli, wadda ta faro a 1964 a matsayin kulob ɗin ɗaliban sakandare a Pennsylvania, ta zama gidan masu son manyan. A 1982 aka fara babban taron harbi na shekara-shekara da ake kira LDRS a Medina ta jihar Ohio. A shekarar ce kuma Gary Rosenfield ya kafa kamfanin AeroTech, wanda a 1990 ya fito da injin da ake sake cika kwankonsa na alminiyam bayan kowane harbi.

Waɗannan injunan ba albarushi suke ci ba. Makamashinsu wani curi ne mai taushi kamar robar goge fensir, dangin wanda ke cikin manyan rokokin gwamnati. Ya fi albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi taurin kai. Ana zuba shi da rami a tsakiya daga sama har ƙasa, kuma ta bangon ramin nan yake ci. Saurin cinsa ya dogara da matsin da ke cikin injin: a sarari yana ci a hankali, sai matsi ya taru yake nuna ƙarfinsa. Don haka aikin makunni ya zama biyu. Ya gasa bangon ramin har ya kama, ya kuma taimaka matsi ya tashi cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa ake tura shi har can ƙuryar sama ta ramin, domin wutarsa ta wanke bangon duka a hanyarta ta fita.

A nan ne maganar gungume da ƙirare ta dawo. In makunni ya yi ƙanƙanta, ko dai ya ƙone shi kaɗai injin ya yi shiru, ko wani ɓangare ya kama, matsi ya tashi ya faɗi, injin ya riƙa tari yana tofar da hayaƙi. Wannan tarin ya fi shirun haɗari. Roka na iya ɗagawa da rabin ƙarfi, ta bar sandar da ke saita ta ba tare da saurin da zai sa fukafukanta su riƙe ta ba, ta kwanta, sannan injin ya kama sosai tana fuskantar jama'a. A injunan da ke da lagwanin jinkiri mai sakin laima, tarin kan sa lagwanin ya fara ci kafin lokaci, laima ta buɗe roka na tsakiyar gudu. In kuma makunni ya yi girma, matsi ya yi tsalle fiye da abin da kwanko zai ɗauka, ko curin ya tsage. Kowace tsaga sabon fili ce da wuta za ta ci, ƙarin fili ƙarin matsi, ƙarin matsi ƙarin saurin ci, har injin ya fashe. Ko ragowar wayar makunnin, in ta yi kauri ta tokare a maƙogwaron da wuta ke fita, ta isa ta jawo haka.

Tsakanin waɗannan iyakoki biyu akwai tazara, amma ba a wuri ɗaya take ga kowane inji ba. Faɗin ramin da tsawonsa, faɗin maƙogwaro, irin haɗin makamashin, daɗewarsa a ajiye, sanyin gari, duk suna matsar da ita. Injin hawa na biyu, wanda ake kunnawa a can sama inda iska ta yi siriri, ya fi na ƙasa wuyar kamawa. Roka mai injuna da yawa tana bukatar su kama tare, in ɗaya ya makara ta karkace.

Manyan injiniyoyi sun warware nasu da sarƙar ƙirare. Kafin a daina harba kumbon Space Shuttle a 2011, kowace ɗaya daga cikin rokoki biyu da ke gefensa takan ɗauki makamashi kusan tan 500. Ɗan tartsatsin lantarki ke tayar da ƙwayoyin kunnawa, su tayar da wani ƙaramin inji, shi ya tayar da wanda ya fi shi da ke manne a ƙuryar sama, wannan ya feso wuta ta ratsa ramin har ƙasa. Makunnin babbar roka shi kansa roka ne. Masu manyan injunan sha'awa sun bi sahu a ɗan ƙaramin mataki, kuma kamfanin Cesaroni na Kanada ya riƙa sa ƙwayar kunnawa a saman ramin wasu injunansa tun daga masana'anta, yadda ɗan ƙaramin makunni zai wadatar. Dabarar Stine ce ta sake dawowa: abin da ke da wuyar aunawa a mayar da shi hannun mai kayan awo.

Makunni mai saurin amsawa

Akwai wata fuskar matsalar da ta fi ɗaukar rayuka, wato makunnin da ya amsa kiran da ba a yi masa ba. Ranar 29 ga Yuli, 1967, a kan jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Forrestal a gaɓar Biyetnam, wata tangarɗar lantarki ta tayar da roka ƙirar Zuni da ke jikin wani jirgin sama a fake. Gobarar da ta biyo baya ta kashe mutum 134. Ranar 22 ga Agusta, 2003, a tashar Alcântara ta Birazil, ɗaya daga cikin injunan rokar VLS-1 ya kama tana tsaye a dandamali, kwanaki kaɗan kafin ranar harbi, ma'aikata na aiki a jikinta. Mutum 21 suka mutu, yawancinsu ƙwararrun da ƙasar ta yi shekaru tana renonsu.

Saboda haka ne ake auna makunni da adadi biyu: ƙarfin lantarkin da tabbas zai tayar da shi, da wanda tabbas ba zai tayar da shi ba. Masu rokar sha'awa sun koyi muhimmancin na biyun ta hanya mai ban tsoro. Tsofaffin akwatunan harbi suna da ɗan ƙwan fitila da ke haske don nuna cewa waya ta haɗu daidai. Ɗan lantarkin da ke ratsa ƙwan ba ya yi wa wayar nikel komai. Da aka fara amfani da makunnai masu bukatar lantarki kaɗan, sai ya zama wannan gwajin kansa ya isa ya harba roka, da zarar an sa makulli, kafin a fara ƙirga.

Wannan ya taɓa ni, domin na taɓa yin irinsa. A wani wurin aiki na rubuta ɗan shiri da zai riƙa duba ko hanyar tura saƙon waya ga abokan ciniki na da lafiya. Ban lura ba cewa dubawar da kanta tura saƙo take yi. Kafin gari ya waye mutane sun tashi da saƙonni barkatai. Ni na ba da haƙuri, na gyara layi uku, na sake tura shirin. Mai roka ba shi da wannan gatan. A sana'armu muna gwaji sau dubu a kyauta, mu koma baya in abu ya lalace. Makunni sau ɗaya yake aiki, kuma wanda ka gwada ba shi ne wanda za ka harba da shi ba.

Kotu da doka

Hukumar ATF, mai kula da abubuwan fashewa a Amurka, ta daɗe tana lissafa makamashin manyan injunan a jerin abubuwan fashewa, abin da ya ɗora wa masu sha'awa neman lasisi da ma'ajiya ta musamman. A shekarar 2000 ƙungiyoyin Tripoli da NAR suka kai ta kotu, suna cewa makamashin ci yake yi, ba fashewa ba. Shari'ar ta ɗauki shekara tara. Ranar 16 ga Maris, 2009, shekara 83 cif bayan harbin Goddard, alƙali Reggie Walton ya yanke hukuncin da ya ba ƙungiyoyin gaskiya. Sai dai hukuncin a kan makamashin ya tsaya. Dokar tarayya da ta fassara abin fashewa ta ambaci makunnai da sunansu, tare da albarushi. Katon curin da ke ɗaga roka ya fita daga jerin, ɗan abin da ke kunna shi ya zauna a ƙarƙashin idon hukuma. Wanda ya fahimci yadda abubuwan biyu ke amsa zafi, gugar juna da tartsatsi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Abin da ya maye gurbin masana'anta

To me ya hana manyan rokoki mayar da mutane zamanin bututun ƙarfe? Ƙungiyoyin sun gina tsani mai hawa uku. Kafin a sayar maka da injin H ko I, sai ka haɗa roka ka harba ta a gaban shaidu ta sauko lafiya. Hawa na biyu, na J zuwa L, har da jarrabawar rubutu. Hawa na uku, na M zuwa O, sai ƙwararru sun bi aikin tun daga zane. Haɗa injinka da kanka kuwa, Tripoli ta ware shi ga manya da suka kai hawa na biyu, a wuraren harbi da aka keɓe. A fili akwai jami'in tsaro da ke duba kowace roka, yana da ikon cewa a'a. Ba a zura makunni sai roka ta isa wurin da aka tanada. Tazara tana girma da harafi: ƙafa 100 ga injin H, 500 ga M, 1,500 ga O. Daga cikin mutanen da suka taso a wannan duniya aka samu ayarin Ky Michaelson, wanda ranar 17 ga Mayu, 2004, a hamadar Black Rock ta Nevada, ya harba rokar GoFast ta kai kilomita 116, ta farko ta masu zaman kansu 'yan sha'awa da ta shiga sararin samaniya.

Shi ya sa nake ganin tambayar girman makunni, in aka yi ta a matsayin neman adadin da za a kwafa, an yi ta a karkace. Mu masu manhaja mun saba kwafo layi daga intanet mu liƙa, in ya yi aiki mu wuce. Adadin da ya dace da injin wani an same shi ne da gwaji a ƙasa, inji ɗaure a kan ma'auni, mutane a bayan shinge, ana karanta yadda matsi ya tashi. Ka ɗauke adadin ka bar gwajin, da shingen, da dattijon da ya ga injuna ɗari sun yi tari, ka ɗauki abin da ya fi sauƙin ɗauka ka bar abin da ke tsare rai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a nan ƙuƙumin na wuta ne. Saurayin da wannan fanni ya burge shi, ko a ina yake, ƙofarsa ita ce lissafi da kimiyya, manhajojin kwaikwayon tashin roka da ake samu kyauta, rokar ruwa da iska, da sashen injiniya na jami'a mai izinin hukuma. Ba ɗakin girki ba.

A cikin dokokin ƙungiyar NAR akwai ɗaya da na fi so. In an danna maɓalli roka ta ƙi tashi, a zare makulli, kuma kada kowa ya matsa kusa sai bayan daƙiƙa 60. Ka hango mutum ya yi wata shida yana haɗa rokarsa, ya yi tafiyar yini zuwa fili, an ƙirga, an danna, shiru. Ƙafarsa na ƙaiƙayin zuwa ya ga abin da ya faru. Yana iya yiwuwa waya ce ta zame. Yana iya yiwuwa kuma can ƙuryar ramin wani ɗan wuri na ci a hankali, yana jiran matsi ya taru. Daga inda yake tsaye ba zai iya bambancewa ba, don haka sai ya tsaya yana kallon agogo. Henry Sachs da sandarsa ya tsare kansa a 1926. Jikokinsa a wannan fanni da minti ɗaya na haƙuri suke tsare nasu.